Famfon Shagon Abdulghani

Hindawiyya, Jidda
14 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Kawu Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Ka gaishe mini da taubashiyata Zinariya, ka ce mata malamar makaranta guda, amma har yau ban ga ko layi ɗaya daga hannunta ba. Ni ma lafiya lau nake, sai ƙurajen zufa da ba sa barin mutum a garin nan.

Kawu, wata magana ce ta sa na ɗauki biro, kuma ba ni da wanda zan kai wa ita sai kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na shigo umara na zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ka san irin zaman: in mota ta taka birki da ƙarfi a bakin shago, kafin in yi tunani na tsinci kaina a bayan firij. Shekara huɗu yanzu ina wanke kofuna a shagon wani Abdulghani a Ammariyya, inda ake matsa lemo da mangwaro da rake.

Bara Abdulghani ya je Turai ganin likita, ya dawo da wani famfo mai dogon baki da gangunan ƙarfe biyu. Ya ce can ya ga ana zuba wani baƙin abin sha da shi, kumfa ta taru a sama fara sol kamar kindirmo, kyan abin ya tafi da shi. Ya sami masu cika masa gangar da baƙin ruwan sha'ir, irin wanda babu maye a ciki, ya sayo tulun gas na naitirojin, ya kafa allo da fitilu. To Kawu, abu ya ƙi. Yau kumfa ce zalla, ta malale a kan kantar shago ta gangaro ƙasa, ni ne da tsumma. Gobe kuma ruwa ne salam, kamar shayin da ya kwana. An kawo Bafilifine, an kawo Misirawa biyu, kowa ya murɗa nan ya murɗa can ya kama gabansa.

Shekaranjiya ya tara mu ya ce, "Wallahi duk wanda ya sa abin nan ya yi aiki kafin azumi, ni ne kafilinsa. Zan ciro masa biza, ya fita ya dawo da iƙama, halas. In azumi ya kama bai yi ba, a sayar da shi a kasuwar tsoffin kaya." Ba ni yake kallo ba da ya faɗa. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, domin na taɓa ganin irin famfon nan sau ɗaya. Ranar da Inna ta aike ni Bukur in gaya maka yayata Mariyamu ta haihu, na same ka a kulob ɗin Turawan kuza cikin farar riga, kana zuba musu baƙar giyar nan da suke kira sitawut. Na tuna ka karkata tambulan, ka ajiye shi, Bature yana jira. Sauran ya ɓace mini.

Na san ka bar aikin nan tuntuni, kai ne ladanin masallacin unguwa yanzu, kuma ba ka son a tayar da zancen. Amma wannan ba giya ba ce. Don Allah ka rubuto mini yadda ake yi, daki-daki. Hajiya Dela mai safarar atamfa ce za ta kawo maka wannan, kuma za ta juyo cikin wata mai kamawa.

Ɗanka,
Badaru

Gangare, Jos
20 ga Yuni, 1999

Zuwa ga ɗana Badaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Muna nan lafiya, ƙafa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Damina ta sauka da ƙarfi bana, har iska ta yaye kwano biyu na masallaci, amma jama'a sun gyara. Usuman ɗan gidan Mariyamu ya gama sakandare, yana koyon walda. Zinariya tana gaishe ka, ta ce wanda ya yi shekara goma sha ɗaya bai aiko ko da dabino ba, ba shi da bakin yi wa wani gori.

Na ji duk abin da ka rubuto. Ka riƙe salla, ka kiyayi duk abin da zai zubar maka da mutunci a ƙasar mutane. In da hali ka aiko mini da ruwan zamzam ta hannun Hajiya Dela. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka,
Haladu

Hindawiyya, Jidda
29 ga Yuli, 1999

Kawu,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Zamzam na hannun Hajiya Dela, wannan kuma ta gidan waya na aiko, don ba zan iya jiran tafiyarta ba.

Kwana arba'in ina zarya gidan da take sauka a Mahjar, har maƙwabta suka fara zaton neman aurenta nake. Da takardarka ta zo, a tsaye na buɗe ta a bakin ƙofa. Na karanta, na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan ko wata ta maƙale. Kwanon masallaci da waldar Usuman, shi ke nan.

Da ka ce mini "ba zan koya maka ba", da na haƙura. Amma ka ce ka ji duk abin da na rubuto, sannan ka ce in kiyayi abin da zai zubar mini da mutunci. Wane mutunci ya rage wa mutum mai shekara talatin da takwas da ke ɓuya a bayan firij? Inna ta rasu ban ga gawarta ba, saboda in na fita babu dawowa. Kai shekara nawa ka yi kana zuba wa Turawa ta ainihi, ka ci da iyali da ita, ka gina gida, sannan ka tuba da ƙoshi a cikinka? Ni da nake roƙon ka koya mini zuba ruwan sha'ir, ni ne abin yi wa wa'azi. Ko rubutun ma ba ka ga na kai ka yi da hannunka ba, wani ka ba.

Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye ba. Abdulghani ya riga ya lulluɓe famfon da buhu. Saura wata huɗu azumi.

Badaru

Gangare, Jos
25 ga Agusta, 1999

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Zinariya ce. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Yau babu wasa a bakina, ka karanta a natse.

Baba ba ya gani. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, ya hana a gaya maka. Ni nake karanta masa wasiƙu, ni nake rubuta amsa. Kuma ka san al'adar gidan nan, wasiƙar Makka ba a karanta ta a ɗaki. Ranar da Hajiya Dela ta kawo taka, bayan la'asar ne, Baba na zaure tare da liman da dattawa uku na masallaci. Ya ce, "Zinariya, zo ki karanta mana, kowa ya sami albarkar ƙasa mai tsarki." Na fara karantawa, ana ta cewa madalla. Allah ya sa idona yana riga bakina. Da na hango kulob da giya, sai na tsallake tun daga "wata magana ce" na dira a kan sunanka. Liman har yana cewa yaran yanzu ba sa tsawaita takarda.

To ka ga Baba bai ji komai ba. Nasihar da ta ƙona maka rai, ita yake yi wa kowa, har Usuman mai walda. Laifina ne da ban karanta masa daga baya ba. Na ɗauko takardar ya fi sau goma, in na dube shi yana lalubar takalminsa zai tafi kiran salla, sai in mayar.

Ni an gaya mini Baba mai tsaron sito ne a kamfanin kuza. Shekarata ashirin da bakwai da wannan labarin, shi nake gaya wa 'ya'yana. Kai ka rushe mini shi a layi uku, sannan ka biyo da ta biyu mai zagi. Wannan kam ko mutuwa zan yi ba zan karanta masa ba.

Tambaya biyu zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Abin nan da gaske babu maye a cikinsa? Kuma babu wani a duk faɗin Jidda da zai koya maka, sai makahon tsoho ya buɗe bakinsa ya faɗa wa 'yarsa abin da ya yi shekara da shekaru yana ɓoye mata? Domin ni zan rubuta, Yaya. Babu yadda za a yi ya koya maka ban ji ba.

Ƙanwarka,
Zinariya

Hindawiyya, Jidda
12 ga Satumba, 1999

Zinariya,

Gaisuwa mai yawa. Lafiyar jiki tana nan, amma tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. Ki ƙone ta biyun nan. Wallahi kunya ta kama ni har na kasa kallon rubutuna.

Tambayarki ta farko: babu maye. Ana sayar da irinsa a kwalba a kowane kanti, mata da yara suna sha, ma'aikatan baladiyya masu duba abinci sun zo sun auna namu sun sa hannu. Ta biyu: na nema. Na bi wani Ba'indiye da aka ce ya yi aikin otal, na bi wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa har bakin tasha. Wanda ya sani ba zai yarda ya sani ba, ba kuma a gaban takari mara takarda irina ba.

Ban da ikon in ce ki karanta masa. Mahaifinki ne, ke ke zaune da shi. In kin ga a bari, a bari, ba zan riƙe ki a rai ba. Amma ƙarya nake in na ce miki na daina ƙirga kwanaki. Kullum na ɗaga buhun nan in goge famfon in mayar, ni kaina ban san dalili ba.

Badaru

Gangare, Jos
9 ga Oktoba, 1999

Badaru ɗan Rabi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Idon nan da ka ji labari, sai godiya.

Zinariya ta karanta mini takardarka ta farko, mu biyu a ɗaki. Shekara ashirin da biyu na yi a wurin nan, yanzu ta sani, kuma ga ta zaune da biro. Na tambayi liman hukuncin abin shan naku, ya ce in babu maye babu laifi. To buɗe kunnenka, sau ɗaya zan faɗa.

Ka fara da ganga. In an kawo ta, ta kwana biyu cikin sanyi ba mai taɓa ta. Sanyin ruwan randa nake nufi, ba na ƙanƙara ba. Gas ɗin kuma ba naitirojin zalla ba ne. Kashi uku shi, kashi ɗaya iskar da ake sa wa soda. Ka sa mai shagon ya tambayi masu cika tulu.

Sannan ka kwance bakin famfon ka duba ciki. Akwai wani ɗan faifan ƙarfe, bai kai kwabo ba, mai huda biyar ƙanana. Shi ne duk aikin. Ta cikinsa ruwan ke matsowa ya zama kumfa mai laushi. Wanda bai sani ba, in ya ga famfo na zuba a hankali, sai ya ce datti ne ya toshe, ya cire ya yar. Na san mai wanke-wanken shagon nan, kuma na san gaggawarsa tun yana rarrafe.

Tambulan nasa daban. Wanda ya taɓa mangwaro ko madara kada ya kusanci famfon, maiƙo na kashe kumfa. Ka wanke, ka kife ya bushe da kansa, ban da tsumma.

To zuba. Ka karkata tambulan rabin kwanciya, bakin famfo kusa da gefensa amma kada su taɓa juna. Ka jawo hannun famfo gabanka gaba ɗaya, ban da tsoro, rabin ja shi ke kawo ɓarna. Yana cika kana miƙar da shi, in ya kai kashi uku cikin huɗu ka tsaya. Ka ajiye a kan kanta ka cire hannunka. A nan kowa ke faɗuwa. Za ka ga ya yi launin ƙasa, yana motsi, kumfar tana gangarowa ƙasa ta gefen gilashi maimakon ta hau. Ka bar shi. Baƙin zai taso daga ƙasa a hankali har ya rabu da farin, layi ya fito sarai. Bature ya ce minti biyu, ni ban taɓa duba agogo ba. Mai saye zai yi tsaki, zai buga kanta. Ba shi ne mai famfo ba.

In ya natsu, ka riƙe tambulan a tsaye, ka tura hannun famfo baya, ka cika a hankali har kumfar ta ɗan ɗaga sama da baki ba ta zuba ba. Kaurinta faɗin babban yatsa. Ka ajiye masa a gabansa, kada ka miƙa hannu da hannu, kada ka sa masa bututun roba. Ta cikin kumfar ake sha.

Na tuba daga abin da ke cikin tambulan ɗin, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, na iya aikin nan, kuma ina faɗa yanzu hannuna yana motsi a kan gwiwata. Abu ɗaya ne ban sani ba. Duk shekarun nan ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, Allah ne shaida. Tunda naka halal ne, in ka zuba ya yi daidai, ka sha ka rubuto mini yadda yake a baki.

Kawunka,
Haladu

Yaya, ni ce. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon wannan ba. Har yanzu ban san yadda zan yi da zuciyata ba, amma ban rage ko kalma ba. Zinariya.

Hindawiyya, Jidda
28 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Kawu Haladu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar durƙuso, ina yi maka sannu da ido. Ina lafiya. Zinariya, na gode, Allah ya raya miki yara.

Kawu, ni ne na cire faifan. Tun satin farko na zare shi da tsinke, har ina jin na yi abin kirki. Na zazzage shago kwana biyu, na same shi cikin gwangwanin kusoshi. Gas ma ka yi gaskiya, an canza.

Ranar Talata da hantsi, ba kowa a shago, na ce wa Abdulghani ya zauna. Na karkata, na ja, na tsaya, na ajiye. Ya miƙo hannu yana cewa, "Yalla, ya Badar, maza, cika mini." Na sa hannuna tsakaninsa da tambulan na ce, "Isbir, ya ammi, a jira." Shekara huɗu ban taɓa ce masa komai ba sai "to". Ya dube ni, ya dubi gilashin, sai ya janye hannunsa, domin abin ya fara. Ya sauko kamar yadda ka faɗa, launin ƙasan yana gangarowa, baƙin yana tasowa. Na cika, na ajiye masa. Ya sha, kumfa ta kama masa gashin baki, ya ce, "Huwa hada. Shi ne wannan."

Kwana huɗu layin masu saye har titi. Da na tuna masa alkawari, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bayan salla, in sha Allah, za mu duba." Na san wannan maganar, shekara goma sha ɗaya nake cin ta. Na ninke tsummana na ajiye, na tafi ɗakina na zauna. Kwana biyar, Kawu. Waya ɗaya zai buga a zo a kwashe ni, kuma ya san ƙofata. Na sa takalmi zan koma ya fi a ƙirga. Ashe a can ɗan wansa Hamad ne ke zubawa. Ya ga yadda nake yi sarai, amma da an yi masa tsawa sai ya cika a tashi ɗaya, a tambulan ɗin mangwaro, mutane suna mayar masa.

Rana ta shida Abdulghani ya zo Hindawiyya da kansa, yana tattare farar riga saboda ruwan lungu. Takarda ce a hannunsa, da sunana da lambar biza. Mun daidaita: zan yi masa azumi, in koya wa Hamad, bayan ƙaramar salla in miƙa kaina a mayar da ni gida, in yi fasfo a Kano in dawo a kan kafalarsa. Takardar tana cikin leda, na ɗinke ta a cikin wandona. In Allah ya yarda zan zo Jos kafin in je ko'ina.

Ban sha ba sai ranar. Na ce ba zan ɗanɗana ba sai takarda ta shiga hannuna. Da muka koma shago na zuba biyu, na jira su suka natsu, na zauna a kan kujerar masu saye, wadda ban taɓa zama a kanta ba.

Ga yadda yake. Kumfar ce ke fara taɓa leɓe, sanyi, laushi, kamar saman madarar da aka tatso aka bari. Ba ta cizon harshe irin na soda, shiga take yi sumul. Sai ruwan ya biyo ta ƙarƙashinta da ɗaci, ɗacin ƙanzon tuwon dawa da ya ɗan ƙone, da ƙanshin gahawa. Kana shirin ɓata fuska sai wani ɗan zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Kowace kurɓa tana barin zobe fari a jikin gilashi. Da na so in kawo maka, amma ba ya tafiya, in ya yi rabin awa a tambulan ya mutu.

Shi ya sa na zuba biyu, ɗaya nawa, ɗaya naka. Naka na fara sha, a hankali, ban bar ko kumfa ba.

Ɗanka,
Badaru